Katunan Yaya Modu a Cikin Leda

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Modu, wanda mutanen Haɗeja da ƙauyukan bakin kogi suka fi sani da Malamin Gona. A duk shekarun nan ban taɓa rubuta masa ko layi ɗaya ba, alhali ni ce mai takarda da biro a gidanmu. Masu tambayata dalili nakan ce musu ban samu lokaci ba. Ƙarya ce. Lokaci kam tun da na yi ritaya har ya yi min yawa. Abin da ya hana ni shi ne ba zan iya ba da labarinsa ba sai na haɗa da labarin abin da na yi wa aikinsa, wannan kuwa ban so kowa ya ji ba. Bana dai na gaji da ɓoyo.

Yaya Modu ya girme ni da shekara tara. Aikinsa na gwamnati shi ne zagaya manoma a kan babur, daga nan zuwa Miga da Jahun, wani lokaci ya nausa gabas har Guri, yana duba shinkafa da alkama, yana koya wa mutanen da suka fi shi sanin ƙasa yadda za su yi da ƙasarsu. Shi da bakinsa yake faɗar haka yana dariya. Amma abin da ya ɗauka aikinsa na gaskiya yana cikin aljihun rigarsa: 'yan katuna farare masu kauri da yake yankawa da reza daidai faɗin tafin hannu, da ƙaramin akwatin fentin ruwa mai gida goma sha biyu, da burushi biyu da gashinsu ya kusa ƙarewa, da guntayen fensirori masu launi ɗaure da roba. In ya gama da manoma sai ya nemi gindin itace a bakin ruwa ya zauna, ya zana abin da ke gabansa. Ba ya wuce rabin sa'a a kan kati ɗaya. Bai taɓa sayar da ko guda ba, in kuwa ka kira shi mai zane sai ya ce ai gwaji yake yi, bai fara ba tukuna. Shekara talatin ya yi yana wannan gwajin.

Ba ya zuwa da ruwa daga gida. Ruwan wurin da yake zanawa shi yake ɗiba a murfin gwangwani ya jiƙa fenti da shi, ko da ruwan ya yi ja da laka. Wai ruwan famfo bai san wurin ba. Na sha yi masa tsiya a kan wannan, nakan ce saura ya riƙa neman izinin kwaɗi kafin ya tsoma burushi. In fentin ya sha iska sai ya bi da fensir ya fito da ƙananan abubuwa, karan shinkafa, ganyen bado, igiyar da aka ɗaure kwalekwale da ita. A bayan katin kuma ya rubuta sunan wurin da ajami, da irin tawadar da ake rubutun allo, ya sa sunan mai gonar da ke kusa, da inda ruwa ya kai a jikin wata bishiya da ya sa wa ido. Wuri ɗaya yakan je masa da damina, ya koma da kaka, ya sake komawa da bazara lokacin da ƙasa ta tsattsage.

Sau ɗaya na taɓa bin sa, wata Asabar, zuwa wani tafki a hanyar Jahun. Kafin ya gama na ƙosa, sauro ya ishe ni. Na ce masa tunda ya iya, me zai hana ya sayi babbar takarda ya yi abin da za a rataya a falo a san ya yi wani abu? Bai ɗago ba. Ya ce babbar takarda tana sa mutum ƙarya, don sai ka cike ta, in abin da ka gani ya ƙare sai ka shiga ƙarawa da abin da ba ka gani ba. Na ce masa wannan dai hujjar mai rowar fenti ce. Ya yi dariya har burushin ya goce, ya bar tabon a wurin bai gyara ba.

Babu mutum a zanensa, babu saniya, babu tsuntsu. Mahaifinmu malami ne mai tsanani, tun farko suka yi yarjejeniya cewa ya zana abin da ya ga dama amma ban da mai rai. Baba ya daɗe da rasuwa, Yaya bai karya alkawarin ba. Don haka za ka ga kwalekwale a tsakiyar ruwa babu matuƙi, ka ga taru a shanye babu masunci, ka ga sawun shanu a laka ya gangara mashaya amma babu shanun. A lokacin dariya abin yake ba ni. Yanzu in na tuna sai in ga kamar ya riga mu ganin yadda wuraren za su koma.

Domin haka ɗin suka koma. Wanda ya san fadamar nan a da, in aka sauke shi cikinta yau sai ya nemi ɗan jagora. Ciyawar nan da muke kira kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, ta fi mutum tsayi, ta toshe inda ruwa ya saba bi, shi kuma ya juya ya shiga inda ba a gayyace shi ba. Gonar da ke neman ruwa ta bushe, gidan da ba ya nema ya cika. A cikin ciyawar tsuntsayen jan-baki suka samu masauki, suna fitowa su sauka a kan shinkafar duk wanda ya yi ƙarfin halin shukawa. Masuntan da na sani da yawa sun jingine jiragensu, 'ya'yansu suna acaɓa a birane. Kowace shekara a zo a duba, a yi jawabi, a tafi. Ni dai na daina sa rai, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Mutum ɗaya ce ta ga kowane kati da Yaya ya zana, ita ce matarsa, Yaya Falmata. Abin mamaki, ita 'yar cikin gari ce mai tsoron ruwa. Sau ɗaya ta taɓa shiga kwalekwale, ta sauka tana salati, ta ce ba ta ƙarawa. Amma kullum ya dawo da la'asar, kafin ya ci abinci sai ya miƙa mata katin ranar ya ce, "To, ina na je yau?" Ita kuma ta riƙe shi ta gefe da yatsu biyu, ta ƙura masa ido, ta ce, "Mashayar Tsamiya ce, Malam, amma ruwa ya ja baya. Wancan karon kututturen nan bai fito ba." Sannan ta juya bayan ta duba. Da wuya ta faɗi. Haka ta san fadama kaf, lungu da saƙo, ba tare da ta jiƙa ƙafa ba. Na taɓa jin wani masunci ya zo gaisuwa yana ba da labarin wani tafki, ta gyara masa daga bayan labule, ta ce giginyun wurin uku ne ba huɗu ba. Ya ƙirga a ransa, ya ce Hajiya ta fi shi gaskiya.

Yaya ya rasu da kaka, bayan jinyar da ba ta kai wata ba. Da aka zo rabon gado an ambaci gida da gona da babur, ba wanda ya ambaci katunan, sai suka zauna a wurin Yaya Falmata. Ta kasa su wuri-wuri, ta naɗe kowane kashi a yankin tsohon rawaninsa, ta jera a akwatin ƙarfe, ta barbaɗa busasshen ganyen darbejiya saboda ƙwari. Duk rani sai ta fito da su ta baje a kan gado, a inuwar ɗaki, su sha iska yini guda ta mayar. Shekara huɗu tana haka ba abin da ya same su. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin ni ban riƙe ba.

A damina ta biyar ruwa ya shigo unguwarsu da rana tsaka. Yaya Falmata ta bar tukwane da katifa, ta ɗora akwatin a ka, ta ratsa ruwa har gwiwa, matar da ko kududdufi kewaye shi take yi, ta iso gidana ana yayyafi. Ruwa bai shiga akwatin ba, amma tsummokin sun yi danshi, katunan sun yi sanyi. Washegari na tarar ta baje su a ɗakin baƙi tana yi musu fifita.

Ni kuwa shekara talatin da biyar na yi a ofishin rajista. Na ga abin da ruwa da gara suke yi wa takarda, na ga magidanci yana hawaye a gaban teburina saboda takardar filinsa ta zama kunu. Duk wanda ya zauna a ƙasar ambaliya ya san maganin: ka kai takardarka shagon kwamfuta a yi mata lamineshan, a tura ta injin nan da ke manne ta cikin leda da zafi. Takardar haihuwa, ta makaranta, ta aure, a garinmu duk abin da ka ɗauka da daraja leda ake sa masa. Ko kaɗan ban yi shakka ba.

Na ce, "Yaya Falmata, wannan ba aikin tsumma da ganye ba ne. Bana Allah ya kiyaye, baɗi fa? Ba ni su in kai a gyara su yadda ko a kogi suka faɗa ba abin da zai same su."

Ta ce, "To ki bari su bushe tukuna, Yagana, ko kwana bakwai. Malam ba ya ajiye kati sai ya ɗora shi a kumatu ya ji ya daina sanyi."

Na yi dariya na ce mata zamanin kumatu ya wuce. Ta ajiye mafici. Ni ce 'yar boko, ni ce ƙanwar mamaci, ita kuma a ranar baƙuwa ce a gidana, ɗakinta yana cikin ruwa. Da hannunta ta taya ni tattarawa.

Mai shagon, wani dattijo mai sanƙo, ya ɗauki kati ɗaya ya jujjuya. Ya ce, "Hajiya, waɗannan fa ba satifiket ba ne, kuma injin nan zafi gare shi. Ko mu gwada ɗaya mu gani tukuna?" Na ce masa takardun da na sa wa leda a rayuwata sun fi gashin kansa yawa, wanda ba wani abin alfahari ba ne ga wanda ya ga kan. Ya yi murmushi ya kunna inji. Kwana biyu muka yi muna aikin. Waya mai kyamara tana cikin jakata duk tsawon lokacin, ban ɗauki hoton ko ɗaya ba, don me zan yi da hoto ga na ainihi zai dawwama? Suka fito suna ƙyalli, da tauri kamar katin shaida. Na lura layukan fensirin sun ɗan yi kauri sun baje, sai na ce ai sun ma fi fitowa. Na koma gida ina jin na yi wa Yaya abin da ba wanda ya yi masa.

Kafin mu gama, ɗakin Yaya Falmata ya rushe, 'yarta Aisa ta zo ta ɗauke ta zuwa Miga inda take aure. Akwatin ya zauna a wurina, wai kafin ta natsu. Da wata damina ta zagayo na buɗe don in nuna wa wata baƙuwa, sai na ga kamar gumi a jikin ledar, ta ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Na goge bai gogu ba. Bayan wata biyu ɗige-ɗige baƙaƙe suka fito, sannan fumfuna, kore-kore da toka-toka, tana ci daga gefe zuwa tsakiya. Rubutun bayan kuwa, da yake tawadar allo ce wadda dama don a wanke aka yi ta, ya narke ya zama dabbare-dabbare. Na sa reza na tsaga ledar guda ɗaya don in cece shi. Fentin ya biyo ledar, katin ya rabu biyu a hannuna.

Na nemi wani malamin zane a Kano na kai masa guda biyar. Ya daɗe yana kallo. Ya ce zafi ya narkar da kakin da ke cikin fensir, danshi kuma an kulle shi a ciki ba shi da hanyar fita, ga shi an ce da ruwan kogi aka jiƙa fentin, ruwan da ke cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ya ce ba a ɓarewa, ba a tsayarwa, sai dai a jinkirta. Sannan ya ɗago ya ce, "Hajiya, wanda ya zana waɗannan ya iya. Wane ne ya yi musu wannan aika-aika?" Na ce wani ne a cikin dangi.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce in ya leƙo yau. Game da ni na san ba zai yi faɗa ba, bai iya ba. Zai ce, "Yagana sarkin gyara," kamar yadda yake ce min tun ranar da na wanke masa akwatin fenti tas da sabulu ina yarinya, sannan ya yanko sabbin katuna ya hau babur. Abin da ke karya min zuciya shi ne inda zai je. Zai isa Mashayar Tsamiya ya tarar babu mashaya, tsamiyar ma ruwa ya kwanta a gindinta shekara da shekaru har ta mutu a tsaye. Zai nemi inda zai tsoma murfin gwangwaninsa, sai ya kutsa cikin ciyawa kafin ya ga ruwa. In ya zauna, abu ɗaya ne a gabansa daga gabas har yamma, launi ɗaya. Gida ɗaya na akwatin fentinsa zai ƙare, sha ɗaya su bushe. Ban sani ba ko zai yi zanen. Ina jin zai yi, don shi mutum ne mai zana abin da ya tarar ba abin da ya so ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tausayi.

Shekara biyu da suka wuce wasu dattawa biyu suka zo min daga wajen Guri. Sun haɗa gayya za su sare ciyawa su buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa da ke shayar da gonakinsu, amma sun kasa daidaitawa a kan inda ta bi, waɗanda suka sani sun mutu ko sun yi ƙaura. Ɗayansu ya tuna Malamin Gona ya sha zama a wurin da 'yan katunansa yana tambayar sunayen masu gonaki. Na kawo musu ruwa, na ce ambaliya ta tafi da katunan. Suka ce Allah ya sa haka ya fi alheri, suka yi wa Yaya addu'a. Akwatin yana ƙarƙashin gado, a bayan bangon da suka jingina.

Yaya Falmata ba ta taɓa matsa min ba. In mun haɗu a biki ko gaisuwa sai ta ce, "Suna nan lafiya ko?" kamar mai tambayar yara. In ce suna nan. In ta ce in zo mata da su, sai in ce hanya ba kyau, ko akwatin ya yi nauyi, ko sai bayan salla. Shekara shida ina wannan. A watan jiya Aisa ta kira ni ta ce ganin Inna yana ta raguwa, likita ya ce ba mai dawowa ba ne, kuma ta ce a gaya min tana so ta ga katunan Malam tun tana iya gani. Wannan karon na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado.

Na isa Miga bayan azahar. Muka gaisa, muka yi wa juna ta'aziyyar waɗanda aka rasa, aka kawo fura. Duk hanya ina shirya jawabi, amma da na ajiye akwatin a gabanta sai kawai na ce, "Yaya Falmata, na lalata su. Ledar da na sa musu ce. Kin ce in bari su bushe ban bari ba."

Ba ta dube ni ba. Ta buɗe, ta ɗauki na sama, ta kai shi kusa da fuska, ta karkata shi wajen haske. Ta daɗe. Ta juya bayan, ta ajiye. Ta ɗauki na biyu. A na uku ta ce, "Wannan ko Tafkin Bado ne?" Ba ni take tambaya ba. Ta sake dubawa ta ce, "A'a. Ban sani ba." Ban taɓa jin ta faɗi haka a kan katin Yaya ba. Ta mayar da su, ta rufe akwatin, ta turo min shi da tafin hannu.

Na ce ai nata ne, kawo mata na yi gaba ɗaya.

Ta ce, "Tafi da su, Yagana. Ni ina da su yadda suke. In na ci gaba da kallon waɗannan, su za su zauna min a ido in rasa waɗancan. Ukun nan ma da na gani ban san yadda zan yi da su ba."

Na so ta zage ni, wallahi na so. Sai ta tambaye ni lafiyar yara, ta ce in sha furar kafin ta yi tsami. Da zan tafi na ce ko za ta riƙa faɗa min abin da ke cikin kowanne in rubuta. Ta ce to. Ta rufe ido ta fara: goruba biyu a hagu, ɗaya ta karkata, ruwa ya kai gindinsu, sama ta yi launin cikin sabuwar ƙwarya. Na rubuta layi huɗu na tsaya. Abin da take gani ba shi ne yake sauka a takardata ba, kuma mu biyu duk mun sani. Ta yi min alheri ta ce ta gaji.

Masu irin wannan rubutu sukan rufe da cewa mamaci ya tafi amma aikinsa yana nan. Ni ba ni da bakin faɗar haka. Wuraren da Yaya Modu ya zana ciyawa ta rufe su, katunan da ya zana su a kai ni na lalata su, sunayen da ya rubuta sun narke. 'Ya'yansa suna tuna shi uba ne mai sauƙin kai, tsofaffin manoma suna tuna ƙarar babur ɗinsa, irin tunawar da ake yi wa kowa na ɗan lokaci. Amma shekara talatin na zama a bakin ruwa da duba abu da kyau, wuri ɗaya suka rage a duniya, cikin kan wata tsohuwa da ke zaune a tsakar gidan surukinta a Miga, wadda ba ta iya zane ba.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa makwanci. Ita kuma ina roƙa mata tsawon rai bayan kowace salla, kuma na san akwai son kai a cikin roƙon. Ranar da Aisa ta bugo min waya da labarin da nake tsoro, rasuwa ɗaya za ta sanar da ni. Ni zan san biyu aka yi, kuma ta biyun da hannuna a ciki.